Ranar da Na Kori Ɗahiru daga Gonar Kajinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin abin da ke tafiya a ƙasa da abin da ke shawagi a sama, wanda Ya yanka wa kowannensu arzikinsa, Ya kuma yanka masa ajalinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Habibullah Ɗan'azumi. Masu girma iyayenmu masu unguwanni na Gyaɗi-Gyaɗi da Babban Giji da Unguwar Gano. Malamanmu da suka buɗe mana taro da addu'a. Likitocin dabbobi da suka ajiye aikinsu suka zo suka zauna tare da mu. 'Yan kasuwar ƙwai da kaji na kasuwar Tarauni. Direbobinmu na Unguwa Uku, waɗanda kayanmu ba sa isa ko'ina sai da guminsu. 'Yan'uwana mata na Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da mazajen da suka rako wasunsu. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Husaina Sulaiman. Tsohuwar malamar firamare ce ni, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da shugabancin wannan ƙungiya, wanda in Allah Ya yarda zan miƙa wa Malama Safiyyah Junaid kafin mu tashi. Ina gode wa waɗanda suka share wannan ɗaki suka jera kujeru tun da sassafe. Ina gode wa matan da suka yi haƙuri da ni tsawon waɗannan shekaru, da faɗana, da saurin fushina, da taron da nake kira ranar da kowa ke son hutawa. Ina gode wa mazajenmu da suka jure warin kashin kaji a bayan ɗakunansu lokacin da ba mu da wurin kiwo.

A takardar tsarin taro an rubuta a gaban sunana cewa zan yi bayanin nasarorin shekara goma sha ɗaya. Wanda ya rubuta ya yi mini kara, Allah Ya saka masa da alheri. Amma mai girma shugaba, ina neman izininka in kauce wa wannan take. Nasarorin kowa ya san su, an sha faɗarsu a bukukuwa. Akwai abin da ba a taɓa faɗa a gaban jama'a ba, kuma idan na sauka daga kujerar nan ban faɗe shi ba, babu wanda zai faɗa, domin masu jin nauyina sun yi yawa. Zan yi magana a kan murar tsuntsaye, da yadda ta raba mu da kasuwarmu ta ƙetare. Zan faɗi abin da ya faru, in faɗi abin da na fahimta bayan lokaci ya ƙure, sannan in yi roƙo.

Na farko, abin da ya faru.

Mu tara muka fara wannan ƙungiya, kowace da kajinta hamsin ko sittin a lungun gida. Da muka yi yawa, muka haɗa ƙarfi muka samu fili a bayan gari, gaba da Mariri, kowace mace da ɗakin kajinta, ga ma'aikata muna biya tare. Muka kai mu sittin da uku. A gefen filin akwai wani babban kududdufi, inda masu bulo suka daɗe suna haƙar ƙasa, ruwansa ba ya ƙafewa sai can ƙarshen bazara.

Kun san halin kasuwar ƙwai a Kano. Wata rana ana nema ba a samu, wata rana ya yi yawa har a rasa mai tayawa. Muna cikin wannan hali Allah Ya haɗa mu da Alhaji Ƙasimu, wani babban ɗan kasuwa daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Ya zo da kansa, ya zaga gonar, ya fasa ƙwai a faranti ya dubi gwaiduwa, ya ce duk abin da muka tara a mako zai kwashe. Daga nan duk ranar Alhamis Malam Murtala, ga shi can zaune a layin direbobi, sai ya loda motarsa ya kama hanyar Daura. Shekara biyar muna haka. Ƙwai mai tambarinmu aka riƙa soyawa a teburin masu shayi a wata ƙasa. Da wannan ciniki wasu suka yi wa gidajensu rufi, wasu suka kai 'ya'ya jami'a, ɗayarmu ta sauke farali.

Likitan da ke duba mana kajin shi ne Ɗahiru, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha biyu na ba shi. Ni na goye shi a gidanmu na Babban Giji, ni na fara riƙe hannunsa ya rubuta baƙi, ni na kawo shi ƙungiya bayan ya gama karatun likitan dabbobi. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya barin kowa ya shiga ɗakin kaji sai ya tsoma takalminsa a ruwan magani, ko da kuwa mai kajin ce, har mata suka sa masa suna Likita Kar-a-shiga, shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Shekara huɗu da suka wuce, a tsakiyar sanyi, wata Talata bayan la'asar, Ɗahiru ya yi sallama a gidana na Gyaɗi-Gyaɗi. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce daga bakin kududdufi yake, ba ya son ya taɓa komai sai ya je ya yi wanka. Ya miƙo wayarsa daga nesa. Na duba, sai na ga agwagin ruwa, irin baƙin nan da ke sauka lokacin sanyi, a kwance a bakin ruwa, wuyansu a lanƙwashe. Goma sha ɗaya ya ƙirga, da balbela biyu.

Ya ce, "Yaya, ina zargin murar tsuntsaye ce. Abu uku nake so. A daina jan ruwan kududdufin nan yau ɗin nan. A sa raga a toshe duk inda tsuntsu zai iya shiga ɗakunan. Sannan in kai rahoto a zo a ɗebi samfuri."

Ya ambaci ruwan ne domin injin rijiyar burtsatsenmu ya yi wata biyu a lalace, muna ta jan ƙafa wajen gyara, ma'aikata na jan ruwan kududdufi suna wanke mazubin abinci, kuma gaskiyar Allah, wani lokaci har kajin ake ba su sha.

Na ce, "Ɗahiru, agwagwar daji ce ta mutu, ba kazata ba. Akwai kaza ɗaya da ta sunkuyar da kai a gonar nan?"

Ya ce, "Babu, Yaya. Shi ya sa nake sauri."

Na ce, "Jibi Alhamis. Idan maganar nan ta fita, motar Murtala ba za ta tsallaka ba. Mata sittin da uku ke jiran motar nan. Ka je ka haƙa rami ka binne su, ka yi shiru."

Ya ce, "Binnewa zan binne su, bayan an ɗebi samfuri. Amma shiru ba zan iya ba. Ki yi haƙuri, Yaya."

Washegari ya kai rahoto, kamar yadda dokar aikinsa ta ɗora masa. Aka ɗebi samfuri, gwaji ya tabbatar da zarginsa, labari ya fita a rediyo cewa murar tsuntsaye ta ɓulla kusa da gonar kaji a Kano. Alhamis ta biyu, aka tsayar da Malam Murtala a kan iyaka. Kwana biyu ya yi yana roƙo, ƙwai na shan rana, daga ƙarshe ya juyo da kayan. Ina tuna muryarsa a waya: "Hajiya, sun ce ko kiret ɗaya ba zai wuce ba. Ni ban san me zan ce musu ba."

Mata suka tayar da hankali, kuma ban ga laifinsu ba. Laifin wadda aka ba amanar kwantar musu da hankali nake gani. Maimakon in tsaya tsakaninsu da fushi, sai na shige gaban fushin. Na kira taron gaggawa a wannan ɗaki da muke ciki. Ɗahiru ya zo da wani koren fayil a hannu, ya tsaya daga can bakin ƙofa, ya nemi a ba shi minti goma. Aka yi ta hayaniya. Wata ta ce an ba shi cin hanci ne ya karya mu. Wata ta ce hassada ce. Na san ƙarya ne, na san yaron da na goya, amma na yi shiru, domin a ranar na fi son a ce Hajiya Husaina ba ta fifita ɗan'uwanta a kan ƙungiya ba.

Mace ɗaya ce ta miƙe. A'isha ta Unguwar Gano, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, wadda kaji ɗari biyu ne duk abin da ta mallaka. Ta ce, "Hajiya, a saurare shi mana. Minti goma ya ce."

Na ce mata, "Malama A'isha, zauna. Minti goman da aka ba shi a rediyo ya ishe mu."

Aka yi dariya, aka tafa. Wannan tafi har yau ina jin sa. Na miƙe na ce daga ranar ƙungiya ta sallami likitanta. Na ƙara da abin da babu wanda ya nemi in ƙara, na ce, "A gida ina da ƙane, amma a gonar nan ba ni da shi." Ya tako a hankali ya ajiye fayil ɗin a kan tebur, ya ce, "Don Allah ki karanta, Yaya." Ya fita. Na jefa fayil ɗin a jaka, na kai gida, na tura shi ƙarƙashin akwati.

Bayan tafiyarsa muka yi abu biyu, kuma duka biyun da amincewata. Muka ci gaba da jan ruwan kududdufi, muna cewa ai tun da can muna ja ba abin da ya faru. Muka kuma samu masu babura suna tsallakar da ƙwai ta ɓarauniyar hanya. Sau biyu suka wuce, a na uku aka kama su, ga tambarinmu ɓaro-ɓaro a jikin kowane kiret.

Kwana goma sha tara bayan taron, ma'aikaci ya kira ni da hantsi ya ce in zo. Na tarar kaji sun yi jugum, kawunansu sun kumbura, zankonsu ya yi baƙi-baƙi. Kafin azahar sun fara zubewa. Kafin kwana uku cutar ta bi ɗaki bayan ɗaki. Ma'aikatan lafiyar dabbobi suka zo cikin fararen kaya, suka killace wurin, suka haƙa rami mai zurfi, suka kashe sauran, da masu ciwo da masu lafiya, domin haka ƙa'ida ta ce. Mun tsaya daga nesa muna kallo. A'isha na kusa da ni. Ba ta yi kuka ba. Da aka zo kan ɗakinta sai ta gyara mayafinta ta kama hanyar titi da ƙafa. Yanzu awara take soyawa a ƙofar gidansu. Daga cikinmu sittin da uku, ashirin da shida ne suka iya komawa kiwo.

Sai bayan an rufe ramin na jawo fayil ɗin nan na buɗe. Takardu ne guda huɗu. Ɗahiru ya rubuta wasiƙa zuwa ga Alhaji Ƙasimu da likitocin dabbobi na ɓangarensu, da Hausa da Faransanci, ya nemi wanda ya fassara masa. Ya bayyana cewa a jikin tsuntsayen daji aka samu cutar, ba a kajinmu ba. Ya tsara yadda za a gwada kajin kowane ɗaki, a rufe ruwa, a sa raga, a sake gwadawa, a kai sakamakon kan iyaka. Ya kiyasta mako uku za a yi kafin a sake buɗe mana iyaka. Wurin sa hannun shugabar ƙungiya kawai ya bari.

Bayan wata takwas, da muka sake zuba 'yan tsaki, na shirya na tafi Damagaram da kaina. Alhaji Ƙasimu ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini abinci. Sannan ya ce, "Hajiya, ranar da aka tare motarku na je na ga likitan wajenmu. Ya ce mini in dai a daji cutar take, a kawo takardar gwaji, za a duba a buɗe. Na zauna ina jiran takarda, sai ga ƙwanku a bayan babur, an kama, ana kiran sunana. Ni yanzu me zan ce wa mutanen da na rantse musu a kanku?" Ya riga ya samu wasu masu kawo masa daga wani wuri. Ya raka ni har mota, ya yi mini addu'a. Tun daga ranar ƙwanmu bai sake tsallaka iyaka ba.

Na biyu, abin da na fahimta, kuma likitocin da ke nan su gyara mini inda na kauce.

Tsuntsayen nan da ke zuwa mana da sanyi daga nesa suke, daga ƙasashen da yawancinmu ba za mu taɓa takawa ba. Suna sauka a fadamu da madatsun ruwa, suna sauka a kududdufin bayan gari, wasu ɗauke da cutar ba tare da ta kayar da su ba. Ba mu muka kira su ba, ba mu da ikon hana su, kuma harbinsu ko zuba musu guba ba ya ƙara komai sai watsa su. Za su zo bana, za su zo baɗi. Abin da ke hannunmu shi ne ruwan da kazarmu ke sha, da tagar da muka bari a buɗe, da takalmin da ya taka bakin kududdufi ya shigo ɗaki.

Na kuma fahimci cewa tsakanin cuta a jikin tsuntsun daji da cuta a jikin kazar gona akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazara kasuwarmu take rayuwa ko ta mutu. An bayyana mini cewa ƙa'idar cinikin dabbobi tsakanin ƙasashe ba ta ɗauki samun cutar a tsuntsun daji kaɗai a matsayin dalilin rufe kasuwa ba. Gaskiya ne maƙwabci yakan firgita ya rufe ƙofa da ya ji labari, kuma wannan firgici yana da ciwo, mun ɗanɗana. Amma firgici ne da takardar gwaji ke iya kwantarwa. Idan kuwa cutar ta shiga kajin gida, ba firgici ba ne kuma, hukunci ne, sai an kashe, an wanke, an jira, an sake gwadawa. Mu da hannunmu muka mayar da rufin mako uku ya zama rufin da har yau ba mu ga ƙarshensa ba.

Mai sayen da ke wata ƙasa ba ya ganin gonarki. Bai san ko kin wanke mazubi ba, bai san ruwan da kika ɗebo ba. Maganarki kawai yake riƙe da ita, da sa hannun likitanki. Ranar da na kori likitan saboda ya faɗi gaskiya, ranar na nuna wa duk mai saye irin likitan da nake so, da irin takardar da zai samu daga wurina.

Na uku, roƙo.

Ina roƙon 'yan'uwana mata, duk wadda ta ga mataccen tsuntsu kusa da kiwonta, kada ta taɓa, kada ta ɓoye, ta kira likita kafin ta kira ƙawarta. Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni su ja kunnen mafarauta da masu kamun kifi, kada a tsinci agwagwar da ta faɗi da kanta a kai kasuwa ko a kai tukunya. Ina roƙon direbobi da 'yan kasuwa su wanke kiret da tayoyin mota tsakanin gona da gona, kuma duk ranar da wata shugaba ta ce ku bi ɓarauniyar hanya, ku ƙi, ko da ni ce. Ina roƙon likitoci da masu aikin jarida, idan za a sanar da ɓullar cuta, a faɗa a fili ko a daji aka same ta ko a gona, domin kalma ɗaya da aka tsallake a Kano tana iya tsayar da mota a kan iyaka. Ke kuma Malama Safiyyah, ina roƙonki ki sa a rubuta a tsarin mulkin ƙungiya cewa a kan lafiyar kaji maganar likita ce ta ƙarshe, kuma shugaba ba ta da ikon sallamarsa saboda rahoton da ya kai. Ki kuma nemi matan da suka bar mu, ki fara da ƙofar A'isha. Na je na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma yafiya ba ta mayar da kaji ɗaki.

Jama'a, saura abu ɗaya, kuma shi ya fi mini nauyi.

Bayan mun sallami Ɗahiru, babu gonar da ta yarda ta ɗauke shi a garin nan. Suna ya bi shi, wai shi ne likitan da ke kai rahoto. Ya yi wata shida yana nema, daga ƙarshe ya samu aiki a wata gona can kusa da Ibadan, ya kwashi matarsa da yaransa ya tafi. Ko bayan gaskiyarsa ta fito ban kira shi ba. Da farko fushi ne ya hana ni, daga baya kunya ce.

Mahaifiyarmu, Inna, tana nan a Babban Giji, tsufa ya kama ta. Duk Juma'a in na je gaishe ta sai ta ce, "Husaina, kin kira ƙanenki?" In ce, "Zan kira, Inna, bari abubuwa su lafa." Ta ce, "Ke ce babba. Babba shi ke fara kira." Haka muka yi ta yi har shekara biyu. Wata Litinin da safe jikinta ya rikice, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Kiran farko da na yi wa Ɗahiru tun ranar da ya ajiye fayil a kan teburin nan, shi ne na gaya masa Inna ta rasu. Ya nemi jirgi bai samu ba, ya hau mota. Aka yi mata sutura, aka sallace ta bayan azahar, aka kai ta makwancinta yana hanya. Da a ce yana Kano, tafiyar minti goma ce a adaidaita. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma ba ya cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Washegari ya iso, ya wuce maƙabarta kai tsaye, sannan ya shigo gida. Ya durƙusa a gabana kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ce, "Yaya, ya haƙuri?" Bayan sadakar uku na kira shi ɗakin Inna na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ni tun a ƙofar ɗakin taron na yafe miki. Na san nauyin da ke kanki." Na ce ya dawo gida, ƙungiya za ta mayar da shi. Ya ce yara sun saba da makaranta a can, kuma wadda zai dawo dominta ta tafi.

Makon jiya na kira shi na ce ya zo wannan taro, ina so in wanke shi a gaban mutanen da na ɓata shi a gabansu. Ya ce ba sai an yi haka ba, ba zai samu zuwa ba. Na ce to ko yana da saƙo. Sai ya ce, "Sanyi ya kusa, Yaya. Ki tambaya mini ko an duba ragar ɗakunan baya."

Don haka ko da ba ya nan, zan faɗa, ku zama shaida. Dakta Ɗahiru Sulaiman bai ci hancin kowa ba. Bai yi wa kowa hassada ba. Bai karya kasuwarmu ba, shi kaɗai ne a cikinmu ya zo da hanyar cetonta. Ya yi gaskiya, na yi kuskure, kuma duk wadda ta yi asara a wancan rami, ni ce na ja ta zuwa bakinsa. Ina neman gafarar Allah, ina neman afuwarku.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya jiƙan dukkan iyayenmu da suka riga mu. Allah Ya tsare Ɗahiru a inda yake, Ya yi wa zuriyarsa albarka. Allah Ya mayar wa A'isha da sauran 'yan'uwanmu da mafificin abin da suka rasa. Allah Ya kare dabbobinmu da mu kanmu daga annoba, Ya buɗe mana ƙofofin kasuwa na kusa da na nesa. Allah Ya riƙa wa Malama Safiyyah, Ya ba ta kunnen sauraron mai gaskiya tun yana tsaye a gabanta. Allah Ya ba jiharmu da ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.